Matan Wanki na Atlanta da Yajin Aikin 1881

Bayan da aka soke bauta a Amurka a 1865, matan baƙar fata na jihohin kudu sun sami 'yancinsu amma ba su sami gona ko jari ba, kuma masaƙu da shagunan Atlanta da ke jihar Jojiya sun fi ɗaukar farar fata, don haka abin da ya rage musu shi ne aikatau a gidajen farar fata. A cikin ayyukan aikatau, da yawa sun zaɓi wanki da guga, domin mai wanki tana ɗauko kaya ranar Litinin ta kai unguwarsu, ta yi aikinta kusa da 'ya'yanta, nesa da idon uwargida da kuma cin zarafin da maigida kan yi wa mai kwana a gidansa.

A wancan lokaci sana'ar tana da wuya ƙwarai. Mace ce ke ɗebo ruwa, ta dafa sabulu da ruwan toka, ta yi sitaci da dusar alkama, ta raba gangar katako biyu ta zama bahon wanki, sannan ta yini tana ɗaga dutsen guga mai nauyi daga kan wuta, duk a kan dala 4 zuwa 8 a wata. Wannan ƙarancin lada ya samo asali ne daga abubuwa uku da suka haɗu a kan mutum ɗaya: ana raina aikin saboda na mata ne, ana raina mai yinsa saboda launin fatarta, talauci kuma ya hana ta cewa a'a.

A watan Yulin 1881 mata 20 suka kafa ƙungiyar masu wanki, suka nemi a biya dala 1 kan kowace laba 12 ta tufafi, suka bi gida-gida da coci-coci, cikin mako uku yajin aikin ya tara kimanin mutum 3,000. Hukuma ta kama wasu ta ci su tara, majalisar birni kuma ta yi barazanar sanya kuɗin lasisi na dala 25 a shekara. Matan suka rubuta wa magajin gari cewa za su biya, muddin ikon sana'ar zai zama a hannunsu, amsar da ta nuna sun fahimci ƙarfinsu, musamman da yake birnin na shirin karɓar baƙin babban baje kolin auduga a wannan shekara. Majalisar ta janye batun.

Doka ta daɗe ba ta bi sawunsu ba. Dokar fansho ta 1935 da ta mafi ƙarancin albashi ta 1938 sun cire 'yan aikatau da ma'aikatan gona ba tare da ambaton launin fata ba, alhali a lokacin waɗannan ne sana'o'in mafi yawan baƙar fatar kudu. A Atlanta ɗin ne Dorothy Bolden ta kafa ƙungiyar 'yan aikatau a 1968, ta kuma sharɗanta wa mambobi yin rajistar zaɓe, sai a 1974 aka shigar da 'yan aikatau cikin dokar albashin.