Tafiyar Tsoho Mai Shekara Ɗari

Tun da Ubangiji ya kawo mu wannan shekara ta Jubili, ya kamata mu tambayi kanmu abin da mutum zai yi da babbar rana irin wannan. Kakanninmu ba su riƙe ranar haihuwa ba. In an tambayi tsoho shekarunsa, sai ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye hatsi, ko kuwa yana goye aka yi yunwar Kakalaba. Turawa kuwa suna rubuta ranar, su yi biki kowace shekara, balle in mutum ya cika 50 ko 100. A cikinsu akwai waɗanda, maimakon a kawo musu kyauta, sukan ɗauki doguwar tafiya a ƙasa, dangi da abokai su yi alkawarin kuɗi saboda tafiyar, a tara a ba mabukata. Za mu ba ku labarin ɗaya daga cikinsu, da daɗinsa da ɗacinsa, gama akwai abin koyi a ciki domin ekklesiyoyinmu.

Sunansa Tom Moore. An haife shi ran 30 ga Afrilu, 1920, a wani gari wai shi Keighley a arewacin Ingila. Da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga soja, aka kai shi Indiya da Bama, har ya zama kyaftin. Wannan Bama ita ce ƙasar da aka kai sojojin Hausawa masu yawa daga Nijeriya da Gana. Bayan yaƙi ya koma gida, ya yi sana'arsa, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ya tsufa, duniya ba ta san da shi ba. A 2018 ya faɗi ya karye a ƙugu. Likitoci da masu jiyya na asibitin gwamnati suka yi ta fama da shi har ya tashi, amma daga nan ba ya iya tafiya sai da wani keken ƙarfe mai ƙananan tayoyi da yake dafawa yana turawa.

A 2020 annobar korona ta sauko wa duniya. Cikin watan Maris aka hana mutanen Ingila fita daga gidajensu, asibitoci suka cika maƙil, masu jiyya kansu suna kamuwa suna mutuwa. Tsohon nan yana zaune gidan 'yarsa a ƙauyen Marston Moretaine, saura 'yan makonni ya cika shekara 100. Sai ya tuna da alherin da aka yi masa sa'ad da yake kwance. Ya yi niyyar zagaya farfajiyar gidan sau 100 kafin ranar haihuwarsa, kowane zagaye mita 25, sau 10 a yini, ko Allah ya sa a tara fam 1,000 domin ma'aikatan asibiti. Ya soma ran 6 ga Afrilu.

In an haɗa tafiyar duka, kilomita biyu da rabi ke nan. Macen da ta ɗauko itace daga daji ta fi haka tafiya kafin hantsi. Amma ga mai shekara 99 da karyayyen ƙugu, wannan doguwar hanya ce ƙwarai. Da labari ya shiga rediyo da talabijin, sai mutane suka yi ta aiko da kuɗi ta intanet, wani fam 5, wani fam 10. Ran 16 ga Afrilu ya cika zagaye na 100, sojoji suna tsaye suna sara masa, kuma bai daina ba, ya ci gaba da tafiya. Ranar haihuwarsa aka rufe lissafi, aka tarar mutum wajen miliyan ɗaya da rabi sun ba da fiye da fam miliyan 32. Da ƙarin da gwamnati takan mayar daga haraji, kuɗin ya kusa miliyan 39, aka zuba shi kai tsaye cikin asusun taimako na asibitocin ƙasar. Ran 17 ga Yuli Sarauniya Elizabeth ta naɗa shi jarumi a fadarta ta Windsor. Ya rasu ran 2 ga Fabrairu, 2021, bayan ya kamu da ciwon huhu da korona.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A birnin Landan wani dattijo Musulmi mai shekara 100, Dabirul Islam Choudhury, mutumin Bangaladash, ya ji labari, ya yi ta zagaya lambun unguwarsu yana cikin azumi, ya tara fiye da fam 400,000. A Ankara kuma, babban birnin Gana, wani tsohon soja mai shekara 95, Joseph Hammond, wanda shi ma ya yi yaƙin Bama, ya tashi cikin watan Mayu na 2020 yana tafiyar mil 2 kowace rana har kwana 7, mil 14 ke nan, domin a saya wa masu jiyya kayan kāre kai, a kuma taimaki tsofaffin sojojin Afirka.

To, ga ɗacin labarin. A 2020 aka kafa wata ƙungiyar taimako da sunan Kyaftin Tom, daga baya 'yarsa da mijinta suka shiga cikin masu riƙe da ita. A 2022 hukumar da ke lura da irin waɗannan ƙungiyoyi a Ingila ta soma bincike, ta fitar da sakamako cikin Nuwamba 2024. Kuɗin tafiyar dai ba a taɓa shi ba, gama bai bi ta hannunsu ba. Amma hukumar ta tarar sun ci riba don kansu da sunan tsohon. An biya kamfaninsu fiye da fam miliyan ɗaya saboda littattafan da aka buga da sunansa, jama'a suna tsammani wani kashi zai shiga aikin taimako, ashe bai shiga ba. Aka hana su riƙe kowace ƙungiyar taimako har shekaru masu yawa. Wanda ya karanta Sarakuna na Biyu sura 5 zai tuna da Gehazi baran Elisha, wanda ya bi Na'aman da gudu ya karɓi azurfa da tufafi da sunan maigidansa.

Yanzu bari mu dawo gida, gama mu ma muna da ranar haihuwa, mu ma muna da matafiya. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasashen nan namu. Rowland Bingham ya tsaya bakin teku, Walter Gowans da Thomas Kent suka nausa arewa, kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. A 1924 aikin ya iso Damagaram, a 1950 aka buɗe asibitin Galmi, daga baya aka buɗe wurin jiyyar kutare a Danja kusa da Maradi. Tsakanin waɗannan wurare kuwa akwai masu wa'azi 'yan ƙasa da suka bi ƙauyuka a ƙasa, da sanda da gora, rani da damina. Sawunsu ne ya kawo mu yau.

Littafin Firistoci sura 25 ya nuna mana asalin Jubili. Shekara ce ta 50, da ake busa ƙaho, a saki bayi, a mayar wa matalauci gonarsa. Ashe tun farko ranar bayarwa ce. Saboda haka muna roƙon kowace ekklesiya, kada bikin nan ya ƙare a tuwo da waƙa kaɗai. Mai ƙafa ya yi tattaki zuwa ƙauyen da ke gaba, 'yan'uwa su yi alkawarin baiko saboda tafiyarsa, mai kuɗi da kuɗi, mai hatsi da dami, a kai wa marasa lafiya da gwauraye da marayu. Kada tsoho ya ce ya tsufa, kada talaka ya raina abin hannunsa.

Amma a tsare amana. Sa'ad da Manzo Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauke ta shi kaɗai ba, ekklesiyoyi suka zaɓi waɗanda za su raka ta. Haka mu ma, mutum biyu ko uku waɗanda ba gida ɗaya suke ba su ƙidaya kuɗin, a rubuta a littafi, a karanta a gaban jama'a ran Lahadi, a faɗi inda kowace dala ta tafi.

Ubangiji wanda ya bishe mu har wa yau shi ba mu ƙafafu masu himma da hannuwa masu tsarki. Amin.