Dasa Murjani a Jikin Dutse

Murjanin da Bahaushe ya sani a wuyan amare ƙashin wata halittar teku ne, kuma jan nau'insa daga Bahar Rum yake fitowa. Masu kiwon mai ransa a akwatin gilashi kuwa dasa shi suke yi kamar rogo: a yanki reshe, a tsane gindinsa, a ɗiga gam mai kauri irin Super Glue, a danna shi jikin dutse har ya kama. Nau'i mai laushi yauƙi gare shi, gam ba ya riƙe shi, sai ɗauri da zare. Ruwan yana buƙatar gishirin teku kimanin giram 35 a kowace lita, da ɗumin digiri 25. Reshen da ya suɓuce ya kife cikin yashi, rashin haske kan kashe shi. Fataucin mai tauri tsakanin ƙasashe kuwa sai da izinin CITES.