Tudun Kalambaina: Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Buhun Siminti



Mu da muka tashi a Sakkwato, da an ce Kalambaina sai siminti ya faɗo mana a rai, da manyan motoci da farar ƙura. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sauka daga titi suka taka da ƙafa zuwa bakin tudu, inda ƙasa ke gangarawa fadama. Da muka je da sanyin safiya bayan damina, tafiyar ba ta gajiyar da kowa ba. Daga sama ga fadama shimfiɗe kore shar, ga gulbi yana bi ta tsakiyarta ya nufi yamma, bayan Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun haɗe kusa da birni. Ruwan nan ne zai wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara.

Tarihin wurin ya fara ne daga dutsen da muke takawa. A saman akwai jar marmara, ƙarƙashinta kuma wani farin dutse. Masana ilimin duwatsu sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso Sahara ta yankunan Mali da Nijar na yau har ya rufe wannan ƙasa. Halittun ruwa masu ɓawo suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa a ƙasan teku, har ya dunƙule ya zama dutse. Shi ya sa in aka fasa shi akan ga siffar kumba ko ta dodon-koɗi a ciki. Masanan sun laƙaba wa wannan shimfiɗar dutse sunan Kalambaina, ta ƙarƙashinta kuma sunan Dange. Ke nan sunan ƙauyenmu yana cikin littattafan jami'o'in duniya, mu kuwa ba mu sa shi ko a labari ɗaya ba.

Irin wannan tudu ne ya ja hankalin magabata. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, Muhammadu Bello ya fara gina birnin Sakkwato a 1809 a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulaben nan. Wanda ya tsaya a bakin gangare zai gane hikimar ba sai an faɗa masa ba. Mai zuwa da yaƙi ana hango shi tun daga nesa, ruwan sha yana kusa, fadama tana ciyar da mutane da dawaki, ambaliya kuma ba ta hawa tudu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Bello ya sake yin irin wannan zaɓi a Wurno, ita ma a saman Rima, inda aka rufe shi a 1837. Mu ma mun ga amfanin tudu da idonmu a 2010, lokacin da ambaliya ta cika fadama ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Sai zamanin Sardauna Ahmadu Bello. A 1962 aka kafa kamfanin siminti na Arewa a Kalambaina, ya fara aiki a 1967, saboda farin dutsen nan shi ne babban abin haɗa siminti. Ana haƙo shi, a niƙa, a gauraya da laka, a gasa da wuta mai tsanani, a sake niƙawa. Yau masana'antar tana hannun BUA, an kuma ƙara mata sababbin sassa a 2018 da 2022. Bulon da ke ɗakinmu, in simintin Sakkwato ne, akwai ragowar tsohon teku a jikinsa.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne, dutsen da aka haƙa ba ya komawa. Tudun da muka hau bana ba lallai jikokinmu su tarar da shi haka ba, dattawan da suka san wurin kafin 1962 kuma suna ƙarewa. Amma in muka ɗauki alƙalami, sai mu kai jarumanmu gidan bene a Abuja ko Dubai da ba mu taɓa shiga ba, mu bar manomin albasa a fadama da direban tirela da ke jiran lodi, alhali su muka sani.

Don haka aikin wannan mako: kowa ya nemi tudu ko dutse mafi kusa da shi, Dala ne a Kano, Kufena a Zariya, ko gangaren bayan unguwarsu. A tafi mutum biyu ko uku, a gaida mai unguwa, a nesanci ramin haƙar dutse. A tambayi dattijo ɗaya me ake kiran wurin da, wa ke noma ƙarƙashinsa. A rubuto mana shafi ɗaya kan abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, kowanne a ware shi daban.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.