Tsagewar Jijiyar Kafaɗa: Alamu, Bincike da Magani

Tsoka huɗu ne suke kewaye da gaɓar kafaɗa, kuma jijiyoyinsu ne suke riƙe kan ƙashin dantse a gurbinsa. Wani lokaci ɗaya daga cikin jijiyoyin, galibi ta saman kafaɗa, takan tsage ba tare da ta tsinke baki ɗaya ba. Faɗuwa da ɗaga kaya mai nauyi sama da kai da kuma yawan shekaru, musamman bayan 40, su ne manyan dalilai.

Larurar ta shafi sana'o'in Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu kai tsaye: 'yan dako masu sauke buhunan albasa da wake daga tireloli, da mahauta, da 'yan ga-ruwa, duk da kafaɗa suke neman abinci.

Alamominta sun haɗa da zogi idan aka ɗaga hannu ta gefe, da ciwon dare da yake hana kwanciya a ɓarin da ya kamu, da raunin hannu wajen sanya riga ko miƙa shi baya. Mutane da yawa suna ɗaukar ta targaɗe ko sanyin ƙashi, su nufi maɗori. Sai dai ɗori ba ya haɗa jijiya, kuma jan hannu da ƙarfi na iya faɗaɗa tsagewar.

Likita yakan fara da gwada motsi da ƙarfin hannun. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka fitowarsa lafiya lau ba ta kore cutar ba. Sikanin ko hoton MRI ne suke nuna wurin tsagewar da zurfinta.

Mafi yawan masu larurar suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, ta hanyar rage ɗaukar kaya, da maganin zogi, da atisayen gashin ƙashi, wani lokaci da allurar rage kumburi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita. Akan duba yiwuwar tiyata idan wata 3 zuwa 6 suka wuce babu sauƙi, ko tsagewar ta zarce rabin kaurin jijiyar.

Akwai likitocin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Inugu, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Nnewi, kusa da Anaca. Wanda ya kasa ɗaga hannu bayan faɗuwa ya garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.