Muddun Nabi: Tarihin Ciyarwar Wanda Ya Gaza Azumi

  

An wajabta azumin Ramalana a watan Sha'aban, shekara ta 2 bayan hijira. A farkon al'amari Allah Ya ba Musulmi zaɓi a aya ta 184 ta Suratul Baƙara: mai so ya yi azumi, mai so ya sha ya ciyar da miskini guda a madadin kowane yini. Da aya ta gaba ta sauka sai aka ɗauke wannan zaɓi daga mai lafiya mazaunin gida, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u. Amma Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya ce hukuncin bai shafe ba, ya saura ga tsoho da tsohuwa waɗanda ƙarfinsu ya ƙare.

Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah (SAW), ya aikata haka a Basra sa'ad da ya haura shekara casa'in. Shekara ɗaya ko biyu yana ciyar da miskinai gurasa da nama, shi kuwa yana shan ruwa. Ku duba fa: mutumin da ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai ji kunyar a san ya gaza ba.

Da labarin Anas ya iso ga Imamu Malik a Madina, sai ya ce a Muwaɗɗa shi ba ya ganin ciyarwar wajibi ce a kan tsoho, amma ya fi son ya yi idan yana da hali, mudu ɗaya na Annabi kowane yini. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun wajabta ta. Mu maganar Malik ta iso mana ta hanyar Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, littafin da muka karanta a zaure a gaban malamanmu. A can aka rarrabe: tsoho mustahabbi ne gare shi, mai shayarwa da ta ji wa ɗanta tsoro ta sha, ta rama, ta ciyar, mai ciki ta rama kawai bisa mashahuri, wanda kuma ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramalana ya riske shi, ciyarwa ta hau kansa tare da ramuwar.

Shi muddun Nabi cikin tafi biyu ne na mutum matsakaici, ba a damƙe ba, ba a baje ba, kuma huɗunsa ne sa'in zakkar fid da kai. Magabata ba su yi wasa da shi ba. A Fas, birnin da Shehu Ahmadu Tijjani yake kwance, an adana mudun tagulla na zamanin sarakunan Banu Marin, ƙarni na 14, an zana a jikinsa cewa an gwada shi da mudun wane, shi kuma da na wane, har silsilar ta tuƙe ga Zaidu ɗan Sabit. Ma'aunin hatsi ma sai da aka nema masa isnadi! Daga wannan kalma mudunmu na kasuwa ya samo suna, ko da yake ya ninka na Annabi girma.

A ƙasarmu ta Gwaram da Birnin Kudu, gero da dawa ake aunawa, domin su ne rinjayen abincin gari. Na tashi a Dingaya na tarar kakata tana da 'yar ƙwaryar da ba a taɓa ta sai don wannan awo. Azumin 1980 ya faɗo cikin Yuli da Agusta, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Kullum da la'asar takan aike ni da awonta gidan wata gwauruwa, ta ce in shiga ta baya kada maƙwabta su gani. Sai da na girma na fahimci cewa kunun buɗa-bakin gidan nan daga wannan ƙwarya yake fitowa. Wata ya sake zagayowa damina a 2012 da 2013, na ga irin wannan hali da idona.

Abin da ke damuna yau biyu ne. Na farko, dattijai masu ciwon suga ko ƙoda da likita ya hana su azumi, suna ɗauka a ɓoye don gudun bakin mutane, wasu har a kwashe su zuwa asibiti a Birnin Kudu. Na biyu, 'ya'yanmu na birni da ke turo kuɗi ta waya da sunan fidiyar iyaye, kuɗin su narke a cefanen gida, miskini bai gani ba. Hanafawa sun halatta ba da ƙima, ba mu musun haka, amma mashahurin mazhabarmu abinci ne. Wanda aka turo wa kuɗi wakili ne: ya sayi hatsin, ya auna mudu 30, ko 29 idan watan ya zo nuƙusan, ya kai hannun mabuƙata. Duka-duka bai wuce zakkar fid da kai ta mutum bakwai da rabi ba.