Naitirojin: takin da ke cikin iska

Masu sauraro a Kona da kewaye, da 'yan uwa da ke ci-rani, kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, wadda 'yan lakwal suka sani da azot. Ita ce kuma abin da muke biya da tsada a buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne. To me ya hana hatsi ya ɗebi ta cikin iska kyauta?

Amsar tana cikin ƙirarta. A iska, ƙwayoyin zarra na naitirojin biyu-biyu suke tafiya, shi ya sa ake rubuta ta N2. Tagwaye ne sak, ko ka juya su gaba ya koma baya ba ka ganin bambanci. Babu wanda ya fi ɗan uwansa jan lantarki, kuma an ɗaure su da igiya uku, kowane ɗigon lantarki, wato elektiron, yana da abokinsa. Ita kuwa oksijin, O2, igiya biyu gare ta, da elektiron biyu marasa aboki, shi ya sa in an sanyaya ta ta zama ruwa, maganaɗisu na jan ta. Tsinka N2 na cin ƙarfi kusan ninki biyu na tsinka O2, kuma saiwar hatsi ba ta da wannan ƙarfi.

Abubuwa uku ke tsinka ta. Na farko walƙiya, sai ruwan sama ya sauko da ita ƙasa. Na biyu masana'anta. Fritz Haber ya gano hanyar a Jamus a 1909, Carl Bosch ya kai ta ga masana'anta a 1913. Ana buƙatar zafi sama da digiri 400, da matsi mai yawa, da gas. Shi ya sa in gas ya yi tsada a duniya, taki ma sai ya hau a kasuwannin Tasawa da Mayahi.

Na uku yana gonarka. Tumɓuke wake ko gyaɗa ka dubi ƙananan ƙulle-ƙullen saiwar. Ƙwayoyin halitta ne a ciki ke wannan aiki ba wuta ba gas. In ka fasa ƙullin ka ga ja-ja, aiki na tafiya. Gawo ma dangin wake ne, ganyensa da ke zuba da damina taki ne.

Don haka surka hatsi da wake, kuma in ɗan gawo ya tsiro a gona, a bar shi ya girma.