Zauren Chapel Hill: Tarihin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Jami'ar Karolina ta Arewa

A jihar Karolina ta Arewa, wadda take gabashin Amurka, akwai wani gari da ake kira Chapel Hill, wanda ba shi da wani abin alfahari da ya wuce jami'arsa, ita kuwa an ba da izinin kafa ta tun shekarar 1789, ta fara karɓar ɗalibai a 1795, don haka tana cikin dattawan jami'o'in ƙasar. Galibin waɗanda suka san sunanta a wajen Amurka ta hanyar ƙwallon kwando suka san shi, domin a nan ne Michael Jordan ya yi karatu ya kuma fara shahara. Amma duk wanda ya buɗe kundin wasannin jami'ar ya duba da idon basira zai tarar cewa babu wata ƙungiya a cikinta, ta maza ko ta mata, da ta kai ko kusa da abin da 'yan matan ƙwallon ƙafa suka tara. Shi kansa Dean Smith, shehin masu horar da ƙwallon kwando na wannan makaranta, an ruwaito shi yana cewa jami'ar ta ƙwallon mata ce, su sauran ƙoƙarin kamo su kawai suke yi.

Asalin al'amarin doka ce. A shekarar 1972 majalisar Amurka ta zartar da dokar da aka sani da Title IX, wadda ta haramta wa duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗa namiji da 'ya mace a sha'anin ilimi, kuma da aka zo tafsirinta sai hukuncin ya haɗa har da filin wasa. Jami'o'in da suka saba kashe dukiya a kan wasannin maza kaɗai suka wayi gari wajibi ne su buɗe wa mata ƙofa, wasu da son rai, wasu kuwa ala tilas. A cikin wannan yanayi ne, a shekarar 1979, hukumar jami'ar ta amince ta mayar da ƙungiyar sa-kai ta ɗalibai mata cikakkiyar ƙungiyar makaranta, ta damƙa ta a hannun wani matashi mai suna Anson Dorrance, wanda a lokacin yake horar da ƙungiyar maza. An haife shi a Bombay ta Indiya a 1951, mahaifinsa ma'aikacin kamfanin mai ne, saboda haka ya yi ƙuruciyarsa yana yawo tsakanin ƙasashe, ciki har da Kenya da Habasha. Ya soma karatun lauya, daga bisani ya ajiye shi saboda ƙwallo, bai kuwa sauka daga kan wannan aiki ba sai bayan shekara 45.

Nasara ba ta yi jinkirin zuwa ba. A 1981 suka ɗauki kofin ƙasa a ƙarƙashin tsohuwar hukumar wasannin mata ta AIAW, sannan da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta karɓi ragamar gasar a 1982 su ne suka fara cin ta, suka maimaita a 1983 da 1984. Jami'ar George Mason ta ƙwace kofin a 1985, amma daga 1986 har zuwa 1994, shekara tara ke nan a jere, babu wanda ya sake taɓa shi sai su. A tsakanin 1986 da 1990 sun buga wasa 103 ba a doke su ba, kuma da Jami'ar Connecticut ta katse musu wannan hanzari a 1990, sai Allah ya sake haɗa su a wasan ƙarshe na shekarar, suka rama da ci 6 da nema. A wannan shekarar kuma suka ɗora wani sabon lissafi, suka ci wasa 92 ɗaya bayan ɗaya, ba faɗuwa ba canjaras, har zuwa 1994.

Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai iya cewa ai sammako ne kawai, sun riga kowa shiga fagen a zamanin da mafi yawan jami'o'i ba su ɗauki ƙwallon mata a bakin komai ba, kuma wannan magana tana da ƙanshin gaskiya, domin duk yarinyar da ta yi fice a makarantar sakandare a wancan lokaci burinta ta sa rigar wannan jami'a mai launin sararin sama. Sai dai sammako shi kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa suka ci gaba da ɗaukar kofi bayan gari ya waye wa kowa, a 1996 da 1997, da 1999 da 2000, da 2003, da 2006, da 2008 da 2009, har zuwa 2012. Ni a ganina sirrin yana cikin tarbiyyar filin atisaye, kuma a nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya daɗe.

Dorrance ya kasance yana zuwa kallon atisayen Dean Smith, ya ga yadda mataimaka suke zaune da alƙalami da takarda suna rubuta duk abin da kowane ɗan wasa ya yi, sai ya ɗauko wannan usulubi ya kawo wa 'yan matansa. Abin da ya lura da shi shi ne, yawancin 'yan matan da ke zuwa masa an rene su a kan kawaici da gudun ɓata wa ƙawa rai, har yarinya takan sassauta ƙafarta idan ta fuskanci abokiyar zamanta a fili, don kada a ce mata mai son kai. Maganin da ya yi wa wannan shi ne ya mayar da kowane atisaye jarrabawa. Idan aka haɗa mutum biyu gaba da gaba a rubuta wadda ta yi rinjaye. Idan aka yi tsere a rubuta lokacin kowa. Bugun kai, da harbi, da ƙwace ƙwallo, duk a ƙididdige, sannan a liƙa sakamakon a allo inda kowace za ta ga matsayinta daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Ta haka zance ya tashi daga ra'ayin koci ya koma hujja rubutacciya wadda ba ta san fuska ba, kuma yarinyar da a da take jin kunyar ta fi ƙawarta ta fahimci cewa sassauta mata cutar da ita ne. A ranar wasa kuwa sukan tsayar da 'yan baya uku kacal su tura sauran gaba, su matsa wa abokan karawa tun daga bakin ragarsu, kuma da yake ƙa'idar gasar jami'o'i ta ba da damar canja 'yan wasa da yawa, sai a riƙa shigo da sababbin jini har numfashin ɗaya ɓangaren ya ƙare.

Ƙungiyar 1992 ita ce masana da dama suke ɗauka mafi kammala, domin ta ci wasanninta 25 duka, ta lallasa maƙwabciyarta Jami'ar Duke da ci 9 da 1 a wasan ƙarshe. A cikinta akwai Mia Hamm, wadda ta bar jami'ar da ƙwallo 103 a raga, da Kristine Lilly, wadda daga baya ta buga wa Amurka wasa 354, adadin da babu namiji ko mace da ya kai a tarihin wasannin ƙasa da ƙasa.

Kamar yadda ake auna zauren malami da almajiran da suka fito daga cikinsa da kuma silsilar da suka shimfiɗa a wasu garuruwa, haka ya kamata a auna wannan ƙungiya, kuma a nan ne girmanta na haƙiƙa yake. Daga 1986 zuwa 1994 Dorrance ya haɗa aikin jami'a da horar da ƙungiyar ƙasa, kuma lokacin da aka yi gasar kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin a 1991, gasar da Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka a cikinta, shi ya jagoranci Amurka ta doke Norway da ci 2 da 1 ta ɗauki kofin, kyaftin ɗinta kuwa April Heinrichs, ɗalibarsa ce tun Chapel Hill. A 1999, ranar da mutum fiye da 90,000 suka cika filin Rose Bowl don kallon wasan ƙarshe tsakanin Amurka da Sin, takwas daga cikin tawagar Amurka 'yan wannan makaranta ne, kuma Lilly ce ta sa kai ta tare ƙwallo a kan layin raga a cikin ƙarin lokaci, wadda da ta shiga da kofin ya tafi. Ɗaya daga cikin waɗannan takwas, Cindy Parlow Cone, ta zama shugabar hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka a 2020. Silsilar ta ƙetare teku ma, domin wata budurwa 'yar Holan, Sarina Wiegman, ta yi kakar 1989 a can, ta koma gida da abin da ta gani, ta zama kocin da ta ci kofin Turai da ƙasarta a 2017, ta sake cinsa da Ingila a 2022 da 2025, a cikin tawagarta kuwa akwai Lucy Bronze da Alessia Russo, waɗanda su ma sun sha daga wannan rijiya.

Adalci bai yarda a ɓoye tabon da ke jikin wannan tarihi ba. A 1998 wasu tsofaffin 'yan wasa biyu suka kai Dorrance da jami'ar ƙara bisa zargin cin zarafi ta hanyar maganganun da ba su dace ba game da sirrin rayuwarsu. Shari'ar ta ja shekara goma, aka rufe ta da sulhu a 2008, jami'ar ta biya ɗaya daga cikinsu dala 385,000, shi kuma ya rubuta takardar neman afuwa. Mutumin da aka ba amanar 'ya'yan mutane ba a yi masa awo da kofuna kaɗai, kuma wannan shari'a tana cikin abin da za a riƙa ambata duk lokacin da aka ambaci sunansa.

Bayan 2012 kofi ya yi musu nisa, saboda jami'o'i irin su Stanford da Florida State sun ƙarfafa, ga kuma ƙungiyoyin ƙwararru da suka soma ɗauke haziƙai tun kafin su gama karatu. Sau uku suka kai wasan ƙarshe suka dawo hannu wofi, a 2018 da 2019 da 2022, na ukun kuwa ya fi ciwo, domin suna gaban Jami'ar UCLA da ci 2 da nema wasa ya kusa tashi aka farke, aka doke su 3 da 2 a ƙarin lokaci. A watan Agusta na 2024, ana saura kwanaki a fara kaka, Dorrance ya yi murabus da nasara 934 da kofin NCAA 21, ya bar wa mataimakinsa Damon Nahas ƙungiyar da mafi yawan manyan 'yan wasanta sun watse. Jama'a da yawa sun ɗauka zamanin Chapel Hill ya shuɗe ke nan, amma a watan Disamba na wannan shekarar suka doke Jami'ar Wake Forest da ci 1 da nema, ta hanyar bugun tazara na Olivia Thomas, suka ɗauki kofinsu na NCAA na 22.